Ƙanƙarar Delu Mai Kitso

A Yelwa, zamanin da Yauri ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk amaryar da ba Delu ta yi wa kitso ba, to an dai yi biki ne kawai. Tallar sana'arta a kanta take: gashi baƙi wuluk har gadon baya. Ta kuwa san da haka, don ɗankwalinta ya cika zamewa a gaban mata.

Da ciwon daji ya kama ta a nono aka yanke shi a Zariya, ba ta yi kuka ba. Ta ce zane zai rufe. Sai da aka ce maganin da za a riƙa ƙara mata ta jijiya yana zubar da gashi, sannan hankalinta ya tashi. Wata nas ta tausaya mata, ta ce ta ji a wasu ƙasashe ana ɗora ƙanƙara a kai, wani lokaci gashin yakan tsira.

Mijinta Maliki, mai fataucin kifi, ya ce, "In don ƙanƙara ta, kwantar da ranki. Muna da ita gida wurin masu kifi. Ko yau ko jibi, duk ɗai na."

Aka ƙara mata maganin, suka koma Yelwa. Kullum Maliki ya kawo ƙanƙara daga bakin ruwa, Delu ta ɗaure a tsumma ta aza a ka, haƙoranta na kaɗawa, ɗakin na ƙarnin kifi. Duk da haka wata safiya ta farka ta ga kitso ɗaya ya rage a kan matashi, bai ko warware ba. Sauran suka bi shi.

Da suka koma asibiti, nas ɗin ta riƙe baki. Ashe sai a daidai lokacin da maganin ke shiga jiki ake ɗorawa.

Abin ya ci Maliki a rai. A tafiya ta gaba ya binne ƙanƙara cikin buhun ƙaiƙayin shinkafa, ya rungume shi a mota tun daga Yelwa, ruwa na ɗiga masa a cinya. Da suka isa Zariya, abin da ya rage bai wuce dunƙulen hannu ba.

Delu ta dubi rigarsa da ta jiƙe sharkaf. Ta san ba sauran abin ceto, shi ma ya sani. Ta cire ɗankwali a gaban mutane, ta miƙa masa kanta fayau.

"Aza mini, Malam," ta ce. "Ka sha ɗauka."