Injin Ƙarshe na Lalo Triana

Injin ƙarshe da Eulalio Triana ya haɗa ya tashi ranar Asabar da ta wuce, kwana goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Ya rasu da safiyar Talata, 12 ga Maris, 2019, a gidansa da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a nan Cárdenas, yana da shekara saba'in da takwas. Likita ya ce zuciya ce. Ya gama shan gahawa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, bai kai ga sa ɗayan ba. An binne shi washegari. Ya bar matarsa Hortensia, da 'yarsa Odalys, da jikoki uku.

Takardun hukuma ne kaɗai ke kiransa Eulalio. Mu Lalo muka sani. Shekara sittin da huɗu ya yi yana aikin injin tsofaffin motocin Amurka, waɗanda suka shigo Kuba kafin hanyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu ta rufe, kuma har yau su ke kai mu aiki da asibiti da biki.

Lalo, na fara saninka a 1988, lokacin da edita ya aike ni in rubuta labarin bakaniken da ke yanka zoben fistin daga tsohon bututun ƙarfe. Na rubuta cewa zobenka ya fi na kamfani ƙarko. Washegari sai ga ka a ofishinmu da jaridar a naɗe, hannunka duk baƙin mai.

"Ɗan jarida, wa ya gaya maka wannan? Na kamfani yana shekara goma, nawa yana uku. Ka gyara, kada wani ya kama hanyar Santiago da iyalinsa a kan ƙaryarka."

Mun buga gyaran. Na yi shekara talatin da huɗu a aikin jarida, kuma kai kaɗai ka taɓa zuwa neman a rage maka yabo.

Kowane direba a garin nan ya san ƙa'idarka. Ba ka taɓa inji sai ka ga ƙafar mai shi. In an kawo maka mota, sai ka shiga gaba ka zauna kusa da direba kwana uku, kana bin sa duk inda ya je, idonka ba a kan hanya ba, a kan ƙafarsa. Kana duban yadda yake ba da wuta, da lokacin da yake ɗagawa, da yadda yake yi in ya hango hawa. Daga nan ne kake yanke yadda za ka saita kafireto, mai gauraya fetur da iska, da sauran kayan ciki. Ka sha cewa inji ɗaya ba ya yi wa mutum biyu daidai. Wata ungozoma mai tsoron gudu ka haɗa mata injin da ke ja a hankali ba ya mutuwa. Wani mai jigilar kifi kuwa ka gaya masa a gaban fasinjojinsa cewa ƙafarsa ta jaki ce, kuma za ka gina injin ne domin jaki. Ya yi fushi, amma ya bar motar.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta finjali. In ka gama aiki, sai a tada injin, a bar shi yana silo, wato yana aiki mota na tsaye ba a ba shi wuta ba, ka cika ƙaramin finjali da gahawa har baki, ka ɗora a kansa. In ɗigo ɗaya ya zuba, motar ba ta fita. In gahawar ta tsaya, mai motar ya shanye ta, ya karɓi makulli.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, don da ka sake zuwa neman gyara. Kana da jinkiri, kana da taurin kai. Wani mutumin Colón ya gaji bayan wata bakwai, ya zo da tarakta ya ja motarsa ba inji, kuma har ka bar duniya ba ku sake gaisawa ba. Da yawancin direbobi suka koma sa injin gas na Koriya saboda ya fi sauƙin ciyarwa, ba ka zagi kowa ba. Ka ce masu iyali ne. Amma ka ƙi sa ko ɗaya da hannunka, sai dai ka roƙi a bar maka tsohon da aka sauke. Na ƙirga su a bayan garejinka a makon jiya. Talatin da ɗaya ne, kowanne da sunan mai shi an rubuta da farin fenti.

Aikin da ka mutu ka bari na Evaristo Morejón ne. Evaristo yana da shekara sittin da ɗaya, kuma shekara talatin da biyar yana ɗaukar fasinja tsakanin Cárdenas da Matanzas a cikin koriyar Chevrolet ƙirar 1954 da ya gada daga mahaifinsa. Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, a watan Agustan bara aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ita yake taka kuloci. Ɗansa Yosvany, wanda nauyin gidan ya dawo kansa, ya kawo shawarar da kowa zai kawo: a sa wa motar injin gas, a ba wani direba, tsoho ya huta. Evaristo bai yi musu ba. Ya dai juya fuskarsa bango, ya daina cin abinci sai an matsa masa.

Matarsa ce ta ba ni labarin ranar da ka je.

"Tashi, malalaci. Ƙafa ɗaya aka ɗauke maka, ka kwanta kamar wuya aka yanke."

"Lalo, in ba'a ta kawo ka, ƙofa tana nan inda ka bar ta."

"Da wace ƙafa kake ba da wuta?"

"Dama."

"Birki fa?"

"Ita dai."

"To wadda ta tafi aiki ɗaya take yi. Sai mu sallami kulocin ya bi ta."

Motar ta zo daga kamfani da giya mai canza kanta. Kai ka sauke ta a 1976 da kayanta suka gagara samuwa, ka sa wa mahaifin Evaristo giyar hannu ta motar Rasha. Tsohuwar ba ka yar ba. Ka shafe ta da giris, ka naɗe ta da buhunan sukari, ka rubuta sunan gidan a jiki. Shekara arba'in da biyu tana kwance a bayan garejinka, ba wanda ya tuna da ita sai kai.

Amma mayar da ita ba shi ne aikin ba. Ka bayyana mini, ni kuma na rubuta a littafina. Irin wannan giya ba ta jituwa da injin gas, sai nata na asali, shi kuwa ya gaji. Kuma a motar da ƙafa ɗaya za ta riƙe, silo shi ne komai. In ya yi sama, motar za ta riƙa zabura kafin ƙafa ta koma birki. In ya yi ƙasa, za ta mutu a tsakiyar mararraba. Dole a sake gina injin tun daga tushe, a kan mutumin da zai tuƙa shi.

Nan ƙa'idarka ta farko ta tsaya maka a gaba. Evaristo ba ya iya tuƙi, to ina za ka ga ƙafarsa? Odalys ta ce ai ka san ta, shekara talatin kana gyara masa mota. Ka ce wannan tsohuwar ƙafar ce, ta mutum mai biyu.

Abin da ka yi na gan shi da idona wata safiya a Nuwamba, da na raka ka. Ka zaunar da Evaristo a kujerar cin abinci, ka durƙusa a gabansa da ƙyar, gwiwoyinka suna ƙara, ka shimfiɗa tafin hannunka biyu a ƙasa. Wanda ke daman Evaristo totur ne, na hagunsa birki.

"Ga mu a gadar shiga Matanzas, mota cike. Taka. Ga keken doki ya fito. Birki. Kai, wannan dokin ka riga ka kashe shi. Sake."

"In matata ta shigo za ta ce aurena ka zo nema."

"Da wannan ƙafar? Gobe dai ka wanke ta kafin in zo."

Kwana tara ka yi kana zuwa, ba uku ba. Ka gano cewa ƙafar ta ƙara nauyi, domin yanzu ba ta da 'yar'uwar da zai dogara a kai, jikinsa duk dama yake karkata. Ka gano kuma tana ɗan jinkiri wajen komawa birki. Saboda haka ka ƙara wa totur tauri, ka rage wa kafireto ƙishirwa, ka shirya injin ya ba da ƙarfinsa tun yana tafiya a hankali. A kwana na huɗu, in ji matarsa, Evaristo ya nemi a ƙara masa shinkafa da wake.

Yosvany bai gamsu ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ya same ka a gareji a watan Janairu.

"Baba Lalo, in ya buge ɗan wani a hanya fa? Wa zai ɗauka?"

"Tambayarka daidai ce, ɗana. In finjali ya zubar, ni da kaina zan miƙa maka sifana ka sauke injin."

Yosvany ya yi da mai sayar da injin gas cewa zai jira zuwa ƙarshen Afrilu. In lokacin ya yi motar ba ta samu izinin hawa titi da Evaristo a sitiyari ba, za a koma shawarar farko. Ka mutu injin yana cikin mota, an ɗaure komai, kafireto kaɗai ya rage a kan benci.

Mota goma sha tara suka bi gawarka zuwa maƙabarta, duk aikin hannunka, suna tafiya daidai takun masu ƙafa, ba wadda ta yi tari. Evaristo ya zo a keken doki. An yi masa tayin wuri a motoci da yawa, ya ce a'a.

Odalys ce ta ƙarasa. Shekararta ashirin da biyar a kan injin sassaƙa ƙarfe a garejinka, kuma tun da idonka ya yi rauni duk zoben da ya fita daga nan nata ne, kai da bakinka ka gaya mini. Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe ta ɗaura kafireto, ta murɗa makulli, injin ya kama a karo na biyu. Hortensia ta kawo gahawa. Odalys ta cika finjalinka, ta ɗora. Bai kai rabin minti ba gahawar ta gangaro ta gefe.

"Wannan ai iska ce," in ji Evaristo. "'Yata, ba ni makullin, ɗigo ɗaya ne."

Odalys ta kashe injin, ta ɗauko sifana daga benci, ta miƙa wa Yosvany. Ya dube ta, ya dubi mahaifinsa a kan sandunansa.

"Baba Lalo sau nawa yake gwadawa?"

"Har sai ya tsaya."

"To ni ban ga komai ba tukuna. Ajiye abinki."

Finjali na biyu ma ya zubar da tsakar rana. Ta sake kwance kafireto, ta sauya filogi biyu, ta ɗora kan sandar katakonka a jikin injin, ɗaya kan a kunnenta, yadda kake yi. Da ƙarfe huɗu da kwata ta ɗora na uku. Na duba agogona. Minti biyar cif, fuskar gahawar tana ɗan rawa, ba ta ƙetare baki ba. Evaristo ya ɗauki finjalin, ya zuba kaɗan a ƙasa domin kai da ka riga mu gidan gaskiya, ya shanye sauran. Aka taimaka masa ya shiga. Ya tuƙa cikin lungun garejin, wanda ba ya ɓullewa, ya kai bakin layin dogo, ya tsaya, ya dawo da baya. Yosvany yana zaune kusa da shi, idonsa a ƙasa, a kan ƙafar.

Lalo, ba ka cika zuwa coci ba, kuma ba ka yarda a yi maka dogon jawabi. Zan taƙaita. Ubangijin da ya ga durƙusonka a gaban wancan mutumin ya dube ka da rahama. Ya yafe maka taurin kanka da zafin harshenka, ya karɓi aikin hannunka, ya ba ka hutun da ka ƙi ɗauka a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hortensia, wadda ta yi shekara hamsin da uku tana dafa gahawar da ake gwada inji da ita, da Odalys da 'ya'yanta, da direbobin hanyar Matanzas da Colón. Allah ya ba su haƙuri, ya sa garejin ya ɗore a hannun da ka bar wa.

Saura matakai biyu kafin Evaristo ya ɗauki fasinja: likitoci su duba shi, masu binciken motoci su duba motar. An gaya wa Yosvany da baki cewa za a yi duka biyun ranar Talata, 9 ga Afrilu. Motar tana gareji, makulli yana hannun Odalys. Har zuwa safiyar yau da nake wannan rubutu, takardar da za ta tabbatar da ranar ba ta iso ba.