Koyil Ɗan Kwali da Tsamiyar Fammar

Rano, ƙarfe shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba na tayar da tsohuwar motata, Inna ta zauna a gaba. Idanunta sun kusa rufewa. Da sanyin safiya kaɗai take ɗan gani, rana na ɗagawa komai ya zame mata fari. Burinta ta ga tsamiyar ƙofar gidan mahaifinta a Fammar kafin hasken ya tafi gaba ɗaya.

Ana gobe tafiyar bakanike ya sa min sabon koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Na ce na asali nake so, ya ce, "Malam, ɗan kwalin nan ma har Legas zai kai ka." Son araha ya ja ni na yarda da ɗan kwalin, wato jabu.

Bayan gari, shida da minti goma

Mota ta yi tari biyu ta mutu. Na taɓa koyil, zafi kamar kaskon waina. Na jiƙa tsumma na naɗe shi. Damina ce, raɓa ta kwanta kan dawa, duwatsu kamar suna iyo cikin gajimare. Inna ta fito tana murmushi.

"Ga dutsen can! A gindinsa muka huta ranar da aka kawo ni Rano a kan jaki."

Daf da Kibiya, takwas saura

Mutuwa ta uku, ruwanmu ya ƙare. Wani dattijon makiyayi ya tsiyaya min daga gorarsa yana cewa, "Shanuna ma za su riga ku." Inna ta tsaya kallon balbelu a bayan shanun, har tana rera wata waƙar ƙuruciyarsu. Ni kuwa ina ta duban rana.

Fammar, goma da rabi

Rana ta take. Na kai ta gindin tsamiyar, ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba. Kunya ta kama ni har da ƙwalla. Ta daɗe tana shafa jikin itacen.

"Ina jin ta, ɗan nan. Da motarka lafiyayya ce, da ka wuce da ni ban ga dutsen ba."

Da la'asar muka iso gida, bayan tsayawa huɗu. Na gode wa Allah, na gode wa makiyayin. Washegari na sa koyil na asali, mota ta daina tsayawa. Inna kuma ba ta sake ganin dutsen ba.