Sunan da Ya Kuɓuce wa Bulaki

Kaf ƙasar Jalilganj, daga bakin kogi har layin dogo, ta gidan Caudari ce tun ranar da kakansu Jalil Khan ya sare dajin ya kafa garin. Su ke da gonaki da rijiyoyi, su suka gina masallacin Juma'a, kuma ba sa so a manta. Mai tuna wa jama'a shi ne Bulaki, maroƙin gidan. Ko alif bai sani ba, amma kakannin iyayen gidansa goma sha ɗaya suna kansa, da 'ya'yansu da yaƙe-yaƙensu. Duk bikin aure shi ke miƙewa ya jero su. Ladansa wata 'yar gona ce a gefen kogi, wadda gidan su Bulaki ke nomawa tun zamanin kakansa, kuma ita ke ciyar da shi.

Caudari Irshad ya yi shari'ar gado da Zahir, ɗan marigayi wansa Nasir, ya kayar da shi, ya kore shi daga garin. Ana saura kwana uku auren ɗansa, sai Irshad ya aika aka kira Bulaki.

"Daga yau wana bai haifi kowa ba. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka dai ji da kyau. Gonar nan ba ubanka ne ya saya ba."

Bawan Allah ya kwana uku yana bita, yana noma yana maimaitawa. Amma harshen da ya shekara arba'in a hanya ɗaya ba ya neman izinin mai shi. Ranar biki, a gaban surukai da manyan baƙi, yana isowa kan Nasir sai ga "wanda ya haifi Zahir" ya fito tar. Ya toshe baki da hannu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Irshad bai sa a doke shi ba, da ma dukan aka yi. Murmushi ya yi ya ce, "Tsoho, ashe cire suna wuya gare shi? Bari mu koya maka."

Washegari aka yi shela: duk wanda ya kira sunan Bulaki ko ya amsa masa sallama, ya tattara ya bar ƙasar Caudari. Gonar kuwa aka ba mai kula da dawakin gidan.

Mutanen Jalilganj ba su taɓa bin wata doka da himma irin wannan ba, har ta Allah. Mai shago ya miƙa masa gishiri yana kallon bango. A masallaci na kusa da shi ya matsa. Shekara tara yana dakon itace a garin da ya san asalin kowa, kuma abin ya ci masa rai fiye da yunwa.

Daga baya gwamnati ta ƙwace ƙasa daga hannun masu ita, ta ce gona ta mai noma ce. Lokacin Irshad ya daɗe da ƙaura zuwa birnin Karachi, ba sauran wanda za a ji tsoronsa. Ma'aikacin gwamnati ya zo ya kafa tebur a kasuwa don rubuta wa kowa gonarsa. Bulaki ya dogara sanda ya je, ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya kwatanta gonar.

"Akwai shaida?" in ji ma'aikacin. "Jama'a, wa ya san tsohon nan?"

Bulaki ya waiwaya yana duban su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya hau gyaran rawani, wani ya tsura wa takalminsa ido. Wanda ya ce ya san shi yau, sai ya faɗi inda yake shekara tara.

Ma'aikacin ya ɗan jira, sannan ya ce, "Baba, matsa gefe. Na gaba."