Baba Filibus Ya Bayar Da Makwancinsa

"Kusa da uwata za a binne ta? Turai mai daddawa? Baba, ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa?"

Afiniki ce take magana, tana tsaye a tsakar gida ko jakarta ba ta sauke ba, daga Kwanar Dangora ta hawo mashin da ta ji labari. Ubanta, Baba Filibus, yana zaune kan turmi yana gyara ƙotar digarsa. Ba kasa kunne na yi ba, katangar da ke tsakaninmu ce gajeriya.

"Rafi ya cika, Afiniki, ba a ƙetare shi da akwati. Wuri ɗaya ya rage a wannan gefen."

"Wurinka ne. Shekara tara kana share shi."

Bari in faɗa wa waɗanda ba su san shi ba. Shekara arba'in da 'yan kai Baba Filibus yana haƙa mana kabari a ikkilisiyarmu, nan bayan Tudun Wada. Kullum da safe, kafin gona, sai ya biya maƙabarta ya cire ciyawa, ya cike inda ruwa ya zaizaye. Mu ba ma rubuta suna a siminti. Reshen bini-da-zugu yake dasawa a wajen kan kowa, sunayen kuma suna cikin kansa. Ka ce masa kana neman kakarka, zai kai ka, a hanya har ya gaya maka waƙar da take so a sujada. Shekarar amai da gudawa ya haƙa shida cikin kwana uku. Malam Uba maƙwabcinsa, mai karantar da allo, ya ce da idonsa ya ga tafin hannun mutumin nan yana jini, sai da ya ƙwace digar da ƙarfi ya ƙarasa masa. Da mahaifiyar Malam ta rasu kuwa, Filibus ne ya fara sara ƙasa, sannan ya koma gindin ɗorawa ya tsaya har aka idar da salla.

Da tsohuwar maƙabarta ta cika, aka sami sabon fili a ƙetaren rafi, ba a kai kowa ba tukuna. Tun kafin nan dattawa suka keɓe masa wuri kusa da matarsa, marigayiya Dinatu. Iyakar abin da ikkilisiya ta taɓa ba shi ke nan.

Ita kuma Turai, mai daddawa ce daga wajen Doguwa, mijinta ya mutu, ba ɗa ba ɗan'uwa. Allah ya gafarta mini, amma kowa ya sani: ita da Dinatu shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji, a kan akuya da ta cinye kuɓewa. A zumuntar mata wannan ƙarshen benci, waccan ƙarshen benci, in aka ɗauki waƙa kowace so take ta danne muryar 'yar'uwarta. Ranar da aka binne Dinatu, Turai ba ta shiga gidan ba. An dai gan ta bayan rumbu tana share ido da bakin zane. Yanzu ga ta ta cika a tsakiyar Agusta, kuma ba inda za a sa ta.

Kai ne, Baba Filibus, ba wanda ya roƙe ka, ka je ka sami fasto ka ce a ba ta naka. Kai ne da bayanka ya ƙi miƙewa, aka ce ka huta, ka ce to, amma wannan na ƙarshen da hannunka za ka haƙa. Mai gyara wa kowa shimfiɗa, mun gode. Mu da muke faɗa a kan benci da iyakar gona, a coci muna rera cewa mu baƙi ne a duniya, mun ga wanda ya yarda da maganar har ya saki taku bakwai na ƙasar da ya fi so. Matasa, ku karɓi digar nan, ku zauna ya koya muku sunayen tun yana iyawa.

Amma 'yarsa ba ta gama ba.

"Matar da ta zagi uwata a bakin rijiya?"

"Inda suka tafi babu akuya," in ji shi. "Su shirya."

"To kai ina za mu kai ka?"

"Ƙetare. Dole wani ya fara."

"Kai kaɗai a jeji?"

"Kwana nawa ne? Ran da Ubangiji Yesu zai kira, da na nan da na can tare za mu ji. Uwarki ba za ta ɓace mini ba."

Da Afiniki ta sake magana, muryar ba tata ba ce.

"Na yarda, Baba. Amma kafin ranar fa? Ni ce zan rage. Ni ce zan tsaya bakin rafi da damina, uwata a nan, ubana a can."

Baba Filibus ya dafa turmi ya miƙe da ƙyar, ya saɓa digar a kafaɗa.

"Zo ki riƙe mini shebur," ya ce a hankali.

Ta dube shi, hawaye har haɓa. Ta juya ta fita, ta buga ƙyauren kwanon har sai da kaji suka watse.