Ƙofar Baba ta Korgom

Na daɗe a kasuwar Tasawa ina jujjuya ɗan injin nan mai karkarwa da ke yanka katako har a lungu. Na ɗauki mai araha, mai batir, don gidanmu na Korgom ba wutar lantarki.

Ƙofar ɗakin marigayi Baba nake so in rage wa gindi, ta daɗe tana gurzar ƙasa.

Na durƙusa zan fara, sai Inna ta riƙe mani hannu.

"Me za ka yi, Auta?"

"Gyara, Inna. Ƙararta ta yi yawa."

"Bar mani ita. In ta yi ƙara, sai in ji kamar shi ne ya shigo."

Injin yana nan cikin kwalinshi har yau.

Ku fa, wace ƙara ce a gidanku ba ku so a gyara?