Shirun Mma Batulu

Ƙanena Abdul-Hafiz yana aikin jinya a Amurka, kuma duk ranar da ya kira ni sai ya cika mini kunne da labarin mutanen can. Ya ce a asibitinsu sai ka sa hannu a takarda cewa ba za ka faɗi ciwon mara lafiya ba, ko ga matarka. In bakinka ya suɓuce, aikinka ya tafi. Na ce masa, "Kai, ka manta da Mma Batulu ke nan."

Mma Batulu ita ke wankan gawar mata a unguwarmu Nyohini tun ina yarinya. Gajeriya ce, koko take sayarwa da safe, ba ta taɓa sa hannu a takardar kowa ba. Ni tela ce, kuma ba na ɓoyewa, shagona ne gidan rediyon unguwa. Shekara da shekaru ina yi mata ɗinki ina bugun cikinta, ban taɓa samun ko kalma ɗaya a kan wadda ta wanke ba.

Shekara uku da suka wuce Hairat ta rasu, matar Mamudu mai gyaran babur. Matashiya ce, kwana biyu kacal ta yi a kwance. Mako guda kafin nan ta yi cacar baki da maƙwabciyarta, tsohuwa Maltiti mai gyaɗa, saboda akuyar Hairat ta ci mata kaya. An ji Maltiti ta ce, "Za ki gani." Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaye unguwa cewa Maltiti mayya ce. Aka daina sayen gyaɗarta. Samari suka fara cewa kafin sadakar bakwai sai ta bar Nyohini, ita da ba ta da ɗa, ba ta da inda za ta je. Ina jin kunyar faɗa, amma har a shagona an yi maganar, kuma ban hana ba.

Mutum ɗaya ne ya ga jikin Hairat, wato Mma Batulu da ta wanke ta. Mata suka yi ta zarya gidan Mma Batulu, ni ma na je. Na ce, "Mma, don Allah ki yi magana, za a kori tsohuwar nan." Ta dube ni ta ce, "Zuleiha, ran da na wanke ki, kina so in fita in ba da labari?" Na tashi na koma shagona.

Washegari da azahar, lokacin da layi ya cika da mutane, Mma Batulu ta fito da kwanon tuwo da miyar ayoyo. Ta wuce shagona, ta wuce garejin Mamudu, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar Maltiti. Ta kira ta, suka sa hannu a kwano ɗaya. Ta karɓi ruwa daga hannun Maltiti ta sha. Wallahi sai da na tsayar da keken ɗinkina.

Haka ta riƙa yi kullum. Kowa ya san wadda ta wanke Hairat da hannunta ba za ta ci abinci da wadda ta kashe ta ba. Ranar sadakar bakwai Mamudu da kansa ya tsallaka, ya durƙusa ya gaishe da Maltiti. Har yau tana nan tana soya gyaɗarta.

Da na ba Abdul-Hafiz labarin a waya sai ya ce, "To, Yaya, me ta gani a jikin Hairat?"

Na ce ban sani ba. Bara Allah ya yi wa Mma Batulu rasuwa, kuma ni ta bar wa wasiyya in wanke ta. Da na fito, matan da suka saba zama a shagona suka kewaye ni suna jira. Na ce musu, "Allah ya jiƙanta," na wuce gida.