Rilwanu Ya Je Masar a Aljihun Othman

Malam Rilwanu ɗan dako ne a wani sito da ke unguwar Khumra a Jidda. Lemon Masar da albasarta duk ta kafaɗarsa suke bi, amma shi tun da ya zo umra yana saurayi ya maƙale a Jidda. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, in ya fita ba dawowa. A majalisar bayan la'asar ta unguwar Bani Malik kowa yana da nasa "lokacin da na je". Shi shayi kawai yake zubawa. Burinsa bai wuce wata rana shi ma ya buɗe baki da haka a saurare shi ba.

Da Othman, Bamisiren da ke tuƙa motar siton, zai tafi hutu garinsu Aswan, sai ya ce, "Ya Hajji, wallahi sai na kai ka kogin Nilu. Ta waya za ka biyo ni."

Rilwanu bai ɗauki abin da wasa ba. Ya nemi hutu, ya bi maƙwabta yana neman gafara kamar kowane matafiyi. Matarsa Mairo ta soya masa kazar guzuri. Da safe ya sa babbar riga, ya zauna a tabarma da jaka a gefe, ya jingina wayarsa da fulas.

Can kuma Othman ya kira shi ta bidiyo, ya cusa tasa a aljihun gaba, kyamara tana leƙe. Haka Rilwanu ya shiga kasuwar Aswan, har ya gaya wa mai zoɓo nasa bai kai na gida ja ba. Aka hau raƙumi, hoto na sama na ƙasa, ya dafa bango. A wani gidan Nubawa aka nuna masa kada a cikin kwami, ya naɗe ƙafafunsa. Da aka je wurin gine-ginen Fir'auna, ya daɗe yana kallon duwatsun, sannan ya ce, "Wanda ya yi dakon waɗannan ya sha ciwon baya."

Mairo ta leƙo za ta yi maganar cefane.

"Ke, ba na nan," in ji shi.

Bayan azahar sai ga Jabiru, direban babbar mota, wanda ya fi kowa baki a majalisa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya. "Baban Masar, an sauka lafiya? Wannan ai kallon talabijin ne. Wanda ruwan gari bai taɓa jikinsa ba, bai je ba."

A lokacin su Othman suna cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Rilwanu ya matso da bakinsa kusa da waya.

"Othman, sunkuya da ni in ga ruwan nan da kyau."

Othman ya sunkuya.

"Ƙara dai. Yalla, ƙara."

Tsulum! Allon ya koma kore, ga kumfa, ga wani abu mai kama da kifi ya gifta. Rilwanu ya riƙe numfashi, idanu suka firfito.

"Wayyo Allah, Malam ya faɗa kogi!" Mairo ta ƙwalla.

Kafin kowa ya yi tunani, Jabiru ya yi tsalle ya cafke shi ta hammata, ya ja shi daga tabarma har waje, yana ihu a ba shi iska. Maƙwabta suka cika gida da jaje. Wata ta kawo tawul.

Washegari a majalisa Rilwanu ya ajiye butar shayi, ya gyara murya.

"Lokacin da na je Masar..."

Jabiru ya buɗe baki.

"Halas, ya isa haka, Jabiru. Wa ya tsamo ni?"

Jabiru ya dubi jama'a, duk an gan shi jiya. Ya jawo buta ya fara zuba shayi, Rilwanu kuwa ya soma tun daga kasuwa, bai tsallake ko mai zoɓo ba.